Da Sauƙi

Asabar, uku ga wata

Zuwa ga ƙanena, Malam Da-sauƙi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da yara, da kuma injinan nan naka da ka fi ƙauna a kanmu duka.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Kada ka kira ni a waya, ba zan ɗauka ba. Ba fushi ba ne, likita ne ya hana ni magana. Dusashewar muryar nan da ka yi mini dariya a kanta watan jiya, ka ce na koma tsohuwar agwagwa, ita ce ta ƙi tafiya. Sau uku muna zuwa asibiti. Sun zura mini wata 'yar fitila a maƙogwaro, sun yanki ɗan nama sun kai awo, ranar Talata muka karɓo sakamako. Shekara ashirin da bakwai ina shaƙar ƙurar alli ina yi wa 'yan aji uku ihu, ai dole maƙogwaro ya kai ƙara. An ba ni hutu daga makaranta. Likita ya ce in kama bakina, in ta kama dole kada in wuce kalma ashirin a yini. Ni fa, wadda Inna ke kira Rediyo. Saƙon waya kuwa ka san da yatsa ɗaya nake dangwala shi kamar kaza na tsince hatsi, shi ya sa na koma wa biro. Direban motar safe ya ce zai riƙa ajiye maka a ƙofar masana'antarku.

Ranar da muka dawo daga asibiti, muna shiga gida Akawu ya cire takalmi ya wuce kicin. Mijin nan nawa, shekara ashirin da biyar bai san inda ake ajiye ashana ba, wai shi zai dafa mana shinkafa. Ina zaune a bakin ƙofa ina kallon ikon Allah. Kalma biyar na kashe a kansa: rage wuta, juya, ta ƙone. Muka ci abinmu da ƙauri, har ya ce a kotu ma ba a yanke wa mai laifin farko hukunci mai tsanani. Na yi dariya ba sauti, hawaye na zuba, kowa ya ɗauka na dariyar ne.

Da la'asar 'yata, mai sunan Inna, ta janyo tsohon ludon gidanmu daga ƙarƙashin gado. Ka tuna shi? Har yanzu 'ya'yan kore uku ne, tun wanda ka wurga kan rufi don na ci ka sau huɗu a jere, kuma har yanzu maɓallin rigar Baba ne ke tsaya wa na huɗun. Kullum yanzu sai mun buga. Akawu yana satar gida biyu in ya ga na juya kai, mutumin da ya yi shekara talatin yana rantsar da shaidu. Ba na ɓata kalma a kansa, usur nake hura masa. Na taho da usur ɗina na makaranta: busa ɗaya na yarinyar ne, biyu na ubanta. Magen gidan, da muke kira Hedimasta don ba ta aikin komai sai zagaye da duba na wasu, ita kowace busa sai ta zo.

In rana ta yi sanyi mukan fitar da kujeru baranda. Akawu yana ɓare mini lemo, yana ƙoƙarin kada ɓawon ya tsinke, ni ina tsotse ruwan don tsokar ba ta wucewa. Muna kallon telan da ke tsallaken titi yana faɗa da kekensa. Wallahi ban san akwai wannan lokacin a cikin yini ba. Da can ina kan tulin littattafan yara da jan biro.

Ba ka zo mana ba shekara uku ke nan. Ban ce komai ba, na dai faɗa. Zumunci a ƙafa yake, amma na san ƙafarka a ɗaure take da injin.

Za ka tambayi jiki. Da sauƙi. Ka zauna ka yi aikinka.

Ka gaida matarka, ka shafa mini kan yara.

Yayarka

*

Talata, shida ga wata

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na gode. Muna lafiya. Ki yi haƙuri da tabon baƙin mai a gefe, a bakin aiki nake rubutu.

Gabana ya faɗi da na ga batun yankar nama, sai da na kai ƙarshe na saki numfashi. Da a bakin wani na ji da sauƙi da ban yarda ba, ai kowa haka yake cewa ko da ana haƙa kabari. Amma ke ce. Ke kika rantse a gaban dangi, ranar da kika iso kika tarar an riga an kai Inna, cewa ba za ki taɓa faɗin kalmar nan a kan ƙarya ba har ki mutu. Tunda kin faɗa, na karɓa. Allah Ya ƙara sauƙi.

Kalma ashirin a yini kuwa, ki gaya wa likitan nan ina gaishe shi, ya yi abin da ya gagari Baba da Inna da hedimastoci shida. Ki ce wa Akawu ya more hutunsa kafin a buɗe tasha.

Zancen zuwa, kin san yanayinmu. Lokacin matsar rake ne. Motoci na jere tun daga ƙofa har bakin kwalta, kuma raken da aka sare ba ya jira, in ya kwana uku ya fara tsami. Ni ne shugaban makanikai, in babban injin ya tsaya minti goma sunana ake kira a lasifika. Ga shi ɗaya daga cikin ƙarafan matsa ya fara wata ƙara da ba ta yi mini ba. Ba mai samun hutu sai an gama, nan da wata biyu. Da an rufe zan taho, in Allah Ya yarda, in zauna sati guda cur. Ki ajiye mini kore. Kuma sau uku kika ci ni, ba huɗu ba, na huɗun kin yi maguɗi.

Abu ɗaya, Yaya. Shekarata arba'in da biyar, ina da furfura da mutum talatin a ƙarƙashina. Shekara ashirin da takwas kina kirana Da-sauƙi saboda wasiƙa ɗaya da na rubuta miki ina ɗan sha bakwai. Har a bayan ambulan kika rubuta shi, maigadi ya yi ta yawo yana tambayar wane ne haka. Yanzu duk masana'anta sun ɗauka. Ina da suna, ke ma kin sani.

Matata ta ce ki riƙa shan zuma da ruwan ɗumi. Ki gaida Akawu da uwata, mai sunan Inna.

Ƙanenki

*

Juma'a, tara ga wata

Zuwa ga ƙanena, ƙanen maiɗakina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka baki ɗaya.

Ina mai rubuto maka wannan takarda ba da sanin Yayarka ba, kuma bisa saɓa wa umarninta. Na zaɓi takarda domin in na ɗaga waya a gidan nan tana ji, sannan na gwada faɗin maganar da baki ni kaɗai a banɗaki, ta ƙi fitowa.

Ba ƙurar alli ba ce. Ciwon daji ne, a daidai inda murya ke fitowa. Likitoci sun tsayar da ranar ashirin da takwas ga watan nan don yin tiyata. Za su cire wurin gaba ɗaya, su buɗe mata wata ƙofa a wuya da za ta riƙa numfashi. Sun ce akwai kyakkyawan zaton za ta rayu, ko da yake ba su ba da tabbaci ba. Abin da suka ba da tabbacinsa shi ne, daga ranar ba za ta sake magana da muryarta ba. Na tambayi likita sau biyu, ta sigogi daban-daban, yadda ake yi wa mai shaida. Amsarsa ba ta canza ba.

Ranar da takardarka ta iso ta karanta a baranda, ta ninke, ta sa ƙarƙashin cinyarta. Ran nan ba a buga ludo ba. Na ce bari in sanar da kai, ta rubuta mini a allon yara cewa in na yi ba ta yafe ba. Ta ce ka karanta da sauƙi ka kwanta ka yi barcinka, haka ita ma aka yi mata. Na san tarihin, kuma ban taɓa shiga tsakaninku ba, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. To amma na lura da wani abu. Kwanakin nan ba ta cinye ashirin ɗinta. Jiya bakwai kawai ta yi. Da na tambaya sai ta rubuta: ajiya nake yi. Na ce mata likita bai ce ana tarawa ba. Ta harare ni. Ban san wa take yi wa ajiyar ba, amma ni da yarinyar kullum muna gabanta.

A gida muna ƙoƙari. Na iya shinkafa yanzu, jiya ba ta ƙone ba. Da na sauke na ga tana kallona, sai na gane na rage mata dalilin yi mini magana. Yau da gangan na bar ta ta kama.

Wannan shi ne abin da ke akwai. Sauran kwana goma sha tara. Ban ce ka bar aikinka ba, na dai sauke nauyin da ke kaina. Allah Ya sa mu dace.

Wassalam. Naka,
Akawu

*

Litinin, sha biyu ga wata

Yaya,

Sallama. Ina gaisuwa, amma ba zan tambayi jiki ba, tunda na san amsar da za a ba ni.

Akawu ya gaya mini. Kada ki taɓa shi, shi kaɗai ne mai hankali a cikinmu. To, madalla. Kin rama. An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, na yarda. Shekara ashirin da takwas kina jiran ranar da za ki mayar mini da wasiƙata, har da ka zauna ka yi aikinka, kalma a kan kalma. Ni kuma sakarai na karanta na yi hamdala, har na tsaya ina miki musun ludo. Wato so kike in iso in tarar an gama, in tsaya a tsakar gida yadda kika tsaya da akwatinki, don in ji yadda abin yake. Da muryarki za ki biya wannan, Yaya? Haba.

Tunda abin ya kai haka, bari in faɗa miki abin da na haɗiye tun ina yaro. Ni na riƙe biro, amma ba ni na rubuta wasiƙar nan ba. Inna ce. Kina kwalejin malamai, saura kwana shida ki fara jarrabawar ƙarshe. Ta san in kika ji za ki taho, kuma in kika taho shekara uku sun tafi a banza, don Baba ba zai sake mayar da ke ba. Ta sa na zauna a bakin gado tana faɗa ina rubutawa. Na ce Inna ba zan rubuta da sauƙi ba, ko ruwa ba kya iya haɗiya. Ta riƙe mini wuyan hannu, har yau ina jin wurin. Ta ce rubuta. Ta ce kuma in na gaya miki daga bakinta ya fito ba ta yafe mini ba, don kada ki tsani takardar shaidarki, kada ki riƙa ganin fuskarta duk ranar da kika shiga aji. Gara ki tsane ni, ni ina nan, za mu shirya. Haka ta ce, za ku shirya. Kwana huɗu bayan nan ta rasu.

Na jira mu shirya. Na yi aure kina kirana Da-sauƙi a gaban surukaina. Aka haifa mini ɗa kika ce ya yi kama da Da-sauƙi. Kina tsammanin injin ne ya hana ni zuwa shekara uku? Ina samun hutu kowace shekara. A ɗakina nake cinye shi.

Yau na karya alkawarin matacciya saboda ke. Allah Ya yafe mini. Yanzu ki yi mini abu ɗaya: in kina so in zo, ki ce in zo. Ki rubuta shi ƙarara yadda kike rubuta wa 'yan aji uku. Na gaji da hannunka mai sanda, ni makanike ne, abin da aka rubuta nake karantawa.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki

*

Alhamis, sha biyar ga wata

Ƙanena,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaida iyali.

Da na karanta takardarka na ce ƙarya kake. Da baki na faɗa, kalma biyu, har Hedimasta ta tsorata ta bar kan kujera. Sai na tashi na buɗe akwatin ƙarfe, don wasiƙar tana nan, ban taɓa yar da ita ba. Nakan ɗauko ta duk lokacin da na ji fushina ya fara sanyi. Na karanta ta ta fi sau ɗari, amma iyakata layi na biyu, inda ka ce jikin Inna da sauƙi, ki zauna ki yi jarrabawarki. Jiya na karanta har ƙasa. Ka tuna abin da ke ƙasa? "Ki daina karatu da yunwa, kuma ki rage surutu a ɗakin kwana, Rediyo, ki bar 'ya'yan mutane su yi barci."

Wane ƙane ɗan sha bakwai ne zai ce wa yayarsa haka? Kai da ko ido ba ka iya haɗawa da ni. Muryarta ce tsaf, har da yadda take ajiye Rediyo a tsakiyar magana. Shekara ashirin da bakwai ina koya wa yara karatu da fahimta, ina ja musu jan layi in sun amsa tambaya ba su kai ƙarshen labari ba. Maganar uwata ta ƙarshe tana cikin akwatina duk tsawon nan, ni kuma ina amfani da ita ina wasa wuƙa.

Kada ka ɗauka na huce. Ina jin haushinka da ka yi shiru, ina jin haushin Inna da ta yanke mini hukunci ba ta tambaye ni ba, ga shi ba ta inda zan kai mata ƙara. Na fi jin haushin kaina. Ka ce ramuwa na yi. Rabi gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Da na rubuta da sauƙi na ji wani daɗi mai ɗaci. Amma ɗaya rabin, wallahi, na ɗauki biro da niyyar in gaya maka komai, sai na tuna lokacin rake ne, na tuna manajan nan naku da ke neman dalili a kanka, hannuna ya rubuta abin da ya rubuta. Ashe haka ake yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Akawu kuwa, na hukunta shi, kwana biyu ban hura masa usur ba, yana ta zagaye ni kamar wanda ya ɓatar da fayil. Yau na yafe masa don ya wanke mini kai. Mai sunan Inna ta tafi makaranta, ni kuma hannuna ba ya jure ɗagawa. Ya zaunar da ni a kan kujerar tsugunne a bayan gida, ya cika mini ido da kumfa, yana ba ni haƙuri da turancin kotu. Da yarinyar ta dawo ta taje mini, ta yi mini kitso huɗu manya, tana rera waƙar da Inna ke yi in tana wanki, wadda ni na koya mata. Ta ɓata baiti na biyu. Na ƙyale ta, ban da kalmar gyara. Daga ashirin da takwas haka waƙar za ta zauna a gidan nan, a karkace.

Ina jin tsoro. Ba wuƙar ba, shirun. Wannan ma ban gaya wa Akawu ba.

Ka ce in rubuta ƙarara. To ga shi, da manyan baƙaƙe: KA ZO. Akwai kalma ɗaya da nake ajiye maka, ba ta rubutu ba ce. Rabon da ta fito daga bakina tun kana ɗan sha bakwai. Ina so in ga ko za ka waiwayo.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Yayarka

*

Lahadi, sha takwas ga wata

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na karanta a bayan injin, inda ƙara ba ta barin a ji komai. Gara da aka yi haka.

Ina zuwa. Na sami manaja, ya yi ta kumbura, na ce masa ko da izini ko babu. Mun daidaita a kan in canza ƙarfen nan mai ƙara kafin in tafi, don in ya karye ba na nan mutum talatin za su zauna. Sabon zai iso Laraba, aikin kwana biyu ne. Na lissafa: in taso ashirin da huɗu, in iso ashirin da shida da rana. Kin ga akwai ratar kwana biyu kafin tiyata, ta isa. A aikinmu kullum ana barin rata.

Ki ci gaba da ajiya. Ki ce wa uwata ta goge allon ludo, kuma kada kowa ya taɓa mini maɓalli.

Sai na zo.

Ƙanenki

*

Juma'a, ashirin da uku ga wata

Ƙanena,

Assalamu alaikum, sannu da hanya. Za ka tarar da gida a kulle, shi ya sa na bar wannan da makulli a wurin tela. Ka ajiye jakarka, ka same mu a asibiti, hawa na biyu, ɗaki na ƙarshe a hannun dama.

Ga abin da na kasa yi maka bayani a waya, da na yi ta cewa ka taho kawai. Shekaranjiya Laraba da hantsi tana shanya, numfashi ya toshe. Likitoci suka ce ba za a jira ashirin da takwas ba. An yi aikin ran nan, ta farfaɗo, an gode Allah. An cire.

Na saba rubuta abin da aka faɗa da lokacin da aka faɗe shi, don haka na rubuta. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma, ana tura ta a kan gado, ta ce: "Ya iso?" Na ce kana hanya. Lokacin ko kiranka ban yi ba. Ba ta ƙara cewa komai ba.

In ka shigo kada ka yi kuka a gabanta, tari yake sa ta.

Naka,
Akawu

*

Ƙanena,

Sallama, daga ɗaki zuwa baranda. Mai sunan Inna za ta miƙa maka, ba sai an biya direba ba.

Kwana biyar da sallamo ni. Ka gyara famfo, ka gyara fanka, ka gyara ƙofar banɗaki, jiya har keken tela na ji kana kwancewa. Kullum da safe ka tsaya a bakin ƙofata ka ce Yaya ya jiki, kafin in lalubo alli ka ɓace. Ba abin da ya rage a gidan nan da zai gyaru, ka ajiye sifana da sauran kayan aikinka.

Ratar kwana biyu ka bari, sai ka ce maƙogwarona injinka ne. Ba zan ce ba komai ba, da komai. Ni ma da na rubuta gaskiya ran uku ga wata da ka iso da sati biyu a hannu. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Sunanka na ajiye maka, na san ka gane. Har gwaji na yi ranar Talata a bayan gida, a hankali, ya fito daidai, Hedimasta ce kaɗai ta ji. Ba zan rubuta shi ba. Rubutu ba kira ba ne. Ɗayan sunan kuma na daina.

Ka tambayi jiki sau biyar, ga amsa: babu sauƙi. Wurin yana zafi, ina jin tsoro, kuma ina kewar surutuna.

Yanzu ka wanke hannu ka shigo. An shimfiɗa ludo a kan gado, Akawu ya ɓare lemo, maɓallinka na nan. Usur yanzu ta ƙofar wuya nake hura shi, amma yana fita. Busa uku naka ne. In ka ji, ka waiwayo.

Yayarka